Da Hitila bai kai hari ba, Stalin ne zai riga shi? Amsa kan abin da ya faru kafin 22 ga Yunin 1941

Ɗan'uwa ya yi tambaya cewa wai ya ji ana faɗi da Hitila shugaban Jamus bai afka wa Tarayyar Sobiyet ba ranar 22 ga Yunin 1941, to Stalin shugaban Sobiyet ne zai afka masa bayan mako biyu, tunda an jibge sojojin Rasha a bakin iyaka da tankoki ninkin na Jamus. Ya ce in ba hari za su kai ba me suke yi a wurin, in kuma da gaske suna da wannan ƙarfin ya aka yi aka tarwatsa su cikin 'yan kwanaki?

Malam, a gajarce dai amsar ita ce a'a, Stalin ba ya shirin kai hari a bazarar 1941, kuma ko da yana so rundunarsa ba ta isa ba. Amma fa kar wannan ya sa ka ɗauka shi mutumin kirki ne mai son zaman lafiya, sam ba haka ba ne. Inda mutane ke rikicewa shi ne suna haɗa abu biyu wuri ɗaya, niyya da shiri, alhali a wannan labarin kowanne hanyarsa daban. Hitila yana da niyya tabbatacciya mai rana da wata amma shirinsa na wata huɗu zuwa biyar ne kawai. Stalin yana da kayan yaƙi jibgi guda, amma rundunar tana tsakiyar gyara, niyyarsa kuma ita ce ya ja lokaci har 1942 ko ta halin ƙaƙa.

Ita wannan magana ta cewa Jamus riga-kafi ta yi, ba sabuwa ba ce, wanda ya fara faɗinta shi ne Hitila da kansa a sanarwar da ministan farfagandarsa Goebbels ya karanta a rediyo da safiyar ranar harin, inda ya ce akwai dibishin 160 na Rasha (dibishin rukunin soja ne mai dubban mutane) a kan iyaka don haka dole ta sa shi. Bayan yaƙi manyan hafsoshinsa su Keitel da Jodl suka maimaita ta a shari'ar Nuremberg da aka yi wa shugabannin Nazi don kare kansu. Sai a ƙarshen shekarun 1980 wani tsohon jami'in leƙen asirin sojan Sobiyet da ya gudu Ingila a 1978 ya sake farfaɗo da ita, har ya yanke rana ya ce 6 ga Yulin 1941 Stalin ya sa zai kai hari. Maganar ta karɓu sosai a Rasha bayan rushewar Sobiyet saboda mutane sun gaji da ƙaryar gwamnati, duk abin da ya saɓa wa labarin hukuma sai su rungume shi, kuma ba za ka ga laifinsu ba, gwamnatin da ta yi shekara 50 tana musanta cewa akwai sashen sirri a yarjejeniyarta da Hitila ai ta zubar da mutuncinta.

To mu fara da ɓangaren Jamus don nan ne abin ya fi fitowa fili, kwanakin kawai za ka duba. Ranar 31 ga Yulin 1940, wata guda da ɗoriya bayan faɗuwar Faransa, Hitila ya tara manyan hafsoshinsa a gidansa na Berghof ya ce musu ya yanke shawara za a murƙushe Rasha a bazarar 1941. Dalilin da ya ba su shi ne Ingila ta ƙi miƙa wuya saboda tana sa rai ga Rasha da Amurka, in aka kawar da Rasha shikenan ta rasa madogara. A watan Agusta Janar Erich Marcks ya miƙa daftarin farko na tsarin harin, kuma a ciki ya rubuta cewa Rashawa ba za su yi musu alfarmar fara kawo hari ba, ka ji fa, alfarma ya kira shi, wato so suke ma a ce Rasha ta fito don su same ta a fili. Ranar 18 ga Disambar 1940 Hitila ya sa hannu a umarni mai lamba 21, wanda ya ba wa harin suna Barbarossa, ya ce a gama shiri zuwa 15 ga Mayu. Duk wannan ya faru tun kafin Rasha ta fara turo ƙarin sojojin da ake kafa hujja da su. Ranar 30 ga Maris 1941 kuma ya gaya wa hafsoshi wajen 250 cewa wannan yaƙin na ƙare dangi ne ba irin na yamma ba, a watan Mayu manyan jami'an ma'aikatu suka zauna suka tsara yadda za a kwashe abincin Yukren a ciyar da sojoji da mutanen Jamus, suka rubuta ƙarara cewa miliyoyin mutane za su mutu da yunwa, ranar 6 ga Yuni aka fitar da umarnin harbe duk kwamishinan siyasa na soja da aka kama. Wanda ke tsoron a kawo masa hari ba ya zama yana lissafin buhunan alkamar da zai kwasa da mutanen da zai bari su mutu. Tun shekarun 1920 dama mutumin yake faɗi yana rubutawa cewa Jamusawa suna buƙatar fili a gabas, ba ɓoyewa ya yi ba.

Shi kuma Stalin lissafinsa daban. Da ya sa ministan harkokin wajensa Molotov ya rattaba hannu a yarjejeniyar rashin kai wa juna hari da takwaransa na Jamus Ribbentrop ranar 23 ga Agustan 1939, tunaninsa shi ne Jamus da Faransa da Ingila za su yi ta gwabzawa shekara uku ko huɗu kamar yadda aka yi a yaƙin duniya na ɗaya da ya fara a 1914, su ƙarar da juna, shi kuma yana gefe yana gina runduna yana cin rabonsa. Kuma ya ci ɗin, ya shiga gabashin Polan ranar 17 ga Satumba, ya afka wa Finlan ranar 30 ga Nuwamba, a 1940 ya haɗiye Estoniya da Latbiya da Lituweniya ya ƙwace Basarabiya daga Romaniya. Wannan na ƙarshen ma ya tayar wa Hitila hankali don ya matso da sojojin Rasha kusa da rijiyoyin man Ploiesti na Romaniya inda Jamus ke samun kaso mai yawa na fetur ɗinta. Da Molotov ya je Berlin a Nuwambar 1940 ba roƙo ya je ba, ya nemi a sakar musu Finlan da Bulgeriya da mashigin ruwan Turkiyya. Saboda haka duk wanda ya ce maka Stalin ba shi da kwaɗayin ƙasar wasu ka ce masa ya koma ya karanta. Abin da ya ɓata masa lissafi shi ne Faransa ta faɗi cikin mako shida, ya wayi gari shi kaɗai ne ya rage a nahiyar da Jamus, da rundunar da Finlan mai mutum ƙasa da miliyan 4 ta kunyata, ta kashe mata sojoji sama da 120,000 cikin wata uku da rabi.

Yanzu bari in kawo maka hujjojin masu cewa hari zai kai, don akwai su kuma ba na wasa ba ne, bai kamata a yi musu rashin adalci ba.

Aƙidar sojan Sobiyet gaba ɗaya ta farmaki ce. Abin da ake koyarwa a makarantun hafsoshi shi ne in maƙiyi ya taɓa ka, ka tare shi na 'yan kwanaki a bakin iyaka sannan ka kai yaƙin cikin ƙasarsa, ja da baya kuwa ko a atisaye ba a so a ambata, wanda ya yi maganar tsaro mai zurfi cikin ƙasa yana iya samun kansa da tuhumar karya gwiwar jama'a. Shi ya sa aka jibge mafi ƙarfin rundunoni a wurare biyu da iyakar ta kumbura ta shiga yamma, wajen Bialystok da wajen Lvov, wuraren da suka dace da mai son zabura gaba amma tarko ne ga mai tsaro don ana iya zagaye shi ta hagu da dama. Ranar 5 ga Mayun 1941 Stalin ya yi wa ɗaliban makarantun soja da suka kammala jawabi a fadar Kremlin, a wajen liyafa ya ce yanzu da aka sabunta runduna lokaci ya yi da za a tashi daga tsaro a koma farmaki. Daga tsakiyar Mayu aka fara ɗauko rundunoni huɗu daga can cikin ƙasa, ta 16 da ta 19 da ta 21 da ta 22, aka nufo yamma da su a asirce, aka kuma kira sojojin ko-ta-kwana kusan 800,000 da sunan wai horo za su yi.

Babbar hujjarsu kuma ita ce takardar 15 ga Mayu. Wannan takarda da hannu aka rubuta ta, rubutun Janar Vasilevsky ne, da sunan ministan tsaro Timoshenko da shugaban hafsoshi Zhukov, zuwa ga Stalin. Ta ce Jamus ta riga ta gama tara sojojinta don haka tana iya riga mu, abin da ya kamata shi ne kar a bar mata wannan dama, a buge ta tun tana kan jera sojojinta, a kai babban farmaki ta kudancin Polan wajen Krakow da Katowice da dibishin 152 a kan 100 na Jamus, a raba ta da Romaniya da manta. Takardar gaskiya ce, tana nan a ajiye, babu mai musu.

Sai dai ka karanta ta da kyau. Farkonta ma yana gaya maka cewa Jamus ce ta fara taruwa, wato martani ce ga abin da hafsoshin ke gani da idonsu, ba tsohon shiri ne da aka daɗe ana dafawa ba. Babu sa hannun Timoshenko, babu na Zhukov, babu na Stalin, kuma ba a rubuta ranar wata a kanta ba, masana ne suke kiranta ta 15 ga Mayu. Aikin hedikwatar soja ko'ina a duniya dama shi ne ta rubuta tsare-tsare iri-iri ta ajiye, ba kowanne ne ake aiwatarwa ba. Shekaru bayan yaƙi Zhukov ya shaida wa wani masanin tarihi cewa Stalin fushi ya yi da suka kawo maganar, kuma shi Zhukov ɗin ya ce gara da aka ƙi, don da an gwada da asarar ta fi wadda aka yi. Sannan lissafin takardar ma kuskure ne, sun ɗauka babban ƙarfin Jamus yana kudu wajen Yukren, alhali yana tsakiya, arewa da fadamar Pripet, a hannun kwamandan Jamus Von Bock, daidai hanyar Minsk da Smolensk da Mosko.

Abin da ya fi takarda ƙarfi a wurina shi ne halin da rundunar take ciki, don farmakin mutum miliyan uku ba abu ne da ake ɓoyewa a aljihu ba, yana da alamomi, kuma alamomin babu su. Ɗauki tankoki tunda su ɗan'uwa ya ambata. Eh, Sobiyet tana da tanka wajen 23,000 a faɗin ƙasa, kusan rabi a gundumomin yamma, Jamus kuma da wajen 3,500 ta shigo. A takarda kam babu haɗi. Amma mafi yawansu T-26 ne da BT, masu siririn sulke, da yawa injinsu ya gaji kuma masana'antu sun rage yin kayan gyaransu saboda an koma ƙera sababbi. Sababbin, T-34 da KV waɗanda da gaske sun fi duk abin da Jamus ke da shi, ba su kai 1,500 ba a yamma, direbobinsu da yawa 'yan awoyi kaɗan suka taɓa tuƙa su, harsashin fasa sulke na bindigarsu ya yi ƙaranci, rediyo kuma sai a tankar kwamanda, sauran sai dai ya leƙo ya ɗaga musu tuta cikin ƙura da hayaƙi. A T-34 na lokacin kwamandan tankar shi ne kuma mai harbi, to ya zai yi ya duba fili ya ba da umarni yana manne da madubin bindiga? Tankar Jamus mai lamba uku mutum biyar ne a ciki kowa da aikinsa, kuma kusan kowacce tana jin rediyo.

Tsarin rundunonin ma bai zauna ba. A ƙarshen 1939 aka rushe manyan rundunonin tankoki bisa shawarar da su Janar Pavlov suka goyi baya, da aka ga abin da Jamus ta yi wa Faransa aka dawo da gudu aka kafa guda 9 a 1940, a farkon 1941 aka ce a ƙara 20. Kowacce ana so ta sami tanka 1,031, ka ninka sau 29 ka ga kusan 30,000 kenan, ƙasar ba ta da su, wasu rundunonin suna ne kawai da hatimi. Mafi muni shi ne motoci. Tanka ba ta yaƙi ita kaɗai, tana buƙatar tankar mai a bayanta, da motar harsashi, da tarakta mai jan igwa, da motar ɗaukar sojan ƙasa, kuma tsarin Sobiyet shi ne sai an yi shelar gangamin yaƙi sannan a karɓo manyan motoci da taraktoci daga gonakin gwamnati da masana'antu. Ba a yi wannan shela ba sai bayan an kawo hari. Ka duba abin da ya sami rundunar tankoki ta 8 ta Janar Ryabyshev a makon farko, an yi ta juya ta da umarni masu karo da juna, ta yi tafiyar kusan kilomita 500 kafin ta ga maƙiyi a wajen Dubno da Brody, kusan rabin tsofaffin tankokinta sun mutu a hanya, giya ta lalace ko mai ya ƙare, babu abin janye su, aka bar su a gefen titi. Manyan T-35 ɗin nan masu kawuna biyar da ake fareti da su a Mosko kusan duk haka suka ƙare ba tare da an harbe su ba. Rundunar da za ta kai hari nan da mako biyu ba haka take ba.

Ga kuma maganar mutane. Daga 1937 Stalin ya bi hafsoshinsa da kisa, cikin mashal biyar uku suka tafi, Tukhachevsky da Yegorov da Blyukher, kwamandojin manyan rundunoni da na dibishin mafi yawansu aka kama. An dawo da wasu daga baya, irin Rokossovsky da ya fito daga kurkuku a Maris 1940 an zubar masa da haƙora. A daidai wannan lokacin kuma rundunar ta kumbura daga mutum miliyan ɗaya da rabi zuwa wajen miliyan 5, to ina za a samo hafsoshi? Kirponos da yake riƙe da dibishin ɗaya a yaƙin Finlan, shekara ɗaya da 'yan watanni bayan nan shi ne kwamandan gundumar Kiev, mafi girma a ƙasar. Amma ni a ganina ba ƙarancin gogewa ne ya fi yin illa ba, tsoro ne. Hafsan da ya ga an tafi da maigidansa da dare ba zai motsa ko bataliya ɗaya ba sai ya ga takarda daga sama.

Ganuwar tsaro ma haka. Tsohon layin da aka gina a kan iyakar kafin 1939 an cire wasu bindigoginsa an bar shi, sabon da ake ginawa a kan sabuwar iyaka kuma bai kammala ba, wasu ramukan kankaren ba a ma sa musu bindiga ba. Kamar mutumin da ya yaye rufin tsohon ɗaki bai gama na sabo ba damina ta faɗo masa. Filayen jirgin sama da yawa ana zuba musu kankare a wannan bazarar, sai aka cunkushe jirage a 'yan filayen da suka rage, fiffike na gogar fiffike, wasu kilomita kaɗan daga iyaka.

Sai halayyar Stalin shi kansa a watannin ƙarshe, wadda in ka bi ta za ka ga mutum ne da ke lallaɓa Hitila iya ƙarfinsa. Jiragen ƙasa ɗauke da alkama da man fetur da manganis da roba suna ta tafiya Jamus a kan kari har daren harin. Jiragen leƙen asirin Jamus sun keta sararin Sobiyet sau ɗaruruwa, umarni shi ne kar a harba, a watan Afrilu ma ɗaya ya sauko dole kusa da Rovno da kyamara da fim ɗin hotunan da ya ɗauka, ƙorafi kawai aka yi. Ranar 13 ga Afrilu bayan an sa hannu a yarjejeniyar 'yan ba-ruwanmu da Japan, Stalin ya zo tashar jirgin ƙasa da kansa rakiyar ministan Japan, abin da ba ya yi, ya nemo jami'in sojan ofishin jakadancin Jamus Kanar Hans Krebs a gaban jama'a ya ce masa za mu ci gaba da zama abokai. Wajen 10 ga Yuni Kirponos ya sa sojojinsa su shiga ramukan gaba, daga Mosko aka ce ya janye su maza kuma ya faɗi wanda ya ba da izini. Ranar 14 ga Yuni jaridu suka buga sanarwar kamfanin labarai na TASS cewa jita-jitar yaƙi ƙarya ce, Jamus tana mutunta yarjejeniya. An yi ta ne don a ji me Berlin za ta ce, Berlin ta yi gum, amma sojan da ke bakin iyaka shi abin da ya karanta shi ne babu yaƙi.

Kuma ba rashin labari ba ne. Ɗan leƙen asirin Sobiyet Richard Sorge ya aiko daga Tokyo, firaministan Ingila Churchill ya aiko a watan Afrilu, masu gadin iyaka suna jin ƙarar injuna da dare. Ranar 17 ga Yuni aka kawo wa Stalin rahoto daga wani jami'i da ke cikin ma'aikatar sojan saman Jamus, Harro Schulze-Boysen, cewa an gama komai ana iya kai hari kowane lokaci. Stalin ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa Merkulov shugaban tsaron ƙasa ashar a kan takardar, irin ta uwa ɗin nan, ya ce wannan ba majiya ba ce mai yaɗa ƙarya ne. Kwana biyar kenan kafin harin.

Me ya sa ya ƙi yarda? Ba wauta ce zalla ba, yana da lissafi, lissafin ne ya ginu a kan cewa Hitila zai yi tunani irin nasa. Ya tabbata babu Bajamushen da zai buɗe fage na biyu Ingila tana tsaye, tunda abin da ya kayar da su a 1918 kenan. Yana ganin Churchill so yake ya ingiza shi yaƙi don Ingila ta sami sauƙi, kuma da Rudolf Hess mataimakin Hitila ya tuƙa jirgi ya dira a Sikotlan ranar 10 ga Mayu sai zargin ya ƙaru cewa ana ƙulla sulhu a bayansa. Ranakun da 'yan leƙen asiri suka bayar a baya, irin tsakiyar Mayu, sun zo sun wuce ba abin da ya faru, saboda Jamus ta ɗaga ranar bayan ta shiga Yugoslabiya da Girka a Afrilu ga kuma koguna da suka cika. Jamusawa kuma sun iya yaudara, suka baza cewa tarin sojojin na matsin lamba ne, za a fara gabatar da buƙatu tukuna, Goebbels har ya rubuta sharhi a jarida ranar 13 ga Yuni mai nuna Ingila za a mamaye sannan aka yi kamar an ƙwace bugun don a ce ya yi suɓutar baki. Stalin yana jiran wannan takardar buƙatun don ya ja ciniki har kaka ta shigo. Sannan yana tuna 1914, lokacin da shelar gangamin sojan Rasha ta zama dalilin da Jamus ta kafa ta shelanta yaƙi. Na kusa da shi kuma sun san abin da yake son ji, shugaban leƙen asirin soja Golikov ya jera masa bayanan harin daidai a rahoton 20 ga Maris, a ƙarshe ya rufe da cewa a ɗauke su a matsayin ƙaryar Ingila ko ta Jamus.

To sai aka tsaya a tsakiya, an ƙaro sojoji amma ba a yi gangami ba, an matso gaba amma ba a shiga ramuka ba. Rundunar ta kasu kashi uku da ɗaruruwan kilomita tsakaninsu, na bakin iyaka, da na bayansu, da waɗanda ke cikin taragon jirgi suna tahowa, Jamus ta bi su ɗaya bayan ɗaya, a kowace arangama ita ce mai rinjaye duk da jimillar ba ta nuna haka ba.

Daren Asabar 21 ga Yuni Pavlov, wanda yanzu shi ne kwamandan gundumar yamma, yana kallon wasan kwaikwayo a Minsk. Wani sojan Jamus Alfred Liskow ya tsallako kogi ya ce da asuba za a shigo. Umarni na ɗaya ya bar Mosko bayan sha biyun dare, yana cewa ana iya kawo hari 22 ko 23 ga wata, a zauna cikin shiri amma kar a biye wa tsokana, to kai kwamanda ya za ka gane tsokana daga yaƙi in igwa na sauka a kanka? Kafin a warware rubutun sirrin ya gangara ƙasa, 'yan ɓarnar Jamus sun yanke wayoyin tarho, da yawa ba su ma same shi ba. Sojan ruwa kam sun tsira a ranar don Admiral Kuznetsov ya riga ya ɗaga matakin shirinsu tun 19 ga wata. Da misalin uku da kwata na asuba aka buɗe wuta, kafin dare jirage wajen 1,200 sun tafi, mafi yawa a ƙasa, kwamandan sojan sama na yamma Ivan Kopets ya harbe kansa. Da yamma Mosko ta aiko umarni na uku, wai a kai farmaki a kama garuruwan Lublin da Suwalki na Polan da ke hannun Jamus zuwa 24 ga wata. Wannan shi ne abin da aka horar da su a kai kuma shi kaɗai suka sani, kuma shi ya ƙone rundunonin tankokin cikin mako guda. Minsk ta faɗi 28 ga Yuni, aka kama sojoji sama da 300,000 a wannan zoben kaɗai, aka harbe Pavlov ranar 22 ga Yuli.

Jamus ɗin ma da ake gani kamar ta shirya tsaf, shirinta na gajeren zango ne. Ta shigo da sojoji sama da miliyan 3, amma dibishin ɗin tankoki da na motoci ba su wuce talatin da 'yan kai ba cikin wajen 150, sauran a ƙafa suke, dawakai sama da 600,000 ke jan igwa da abinci. Motocin kuma tarkace ne daga Faransa da sauran ƙasashen da aka ci, iri-iri, kayan gyaran wannan ba ya shiga wancan. Layin dogon Rasha ya fi na Turai faɗi, dole a bi shi ana matsewa. Masu kula da sufuri sun yi gargaɗi cewa motoci za su iya ciyar da runduna zuwa kamar kilomita 500 ne daga iyaka, Mosko kuwa ta kai ninki biyu, aka ce ba komai, ai kafin a kai kogin Dnieper an gama da sojan Rasha. Ranar 3 ga Yuli shugaban hafsoshi Halder ya rubuta a littafin ajiyarsa cewa ba ƙari ba ne a ce an ci yaƙin cikin mako biyu. Ranar 11 ga Agusta shi ɗin dai ya rubuta cewa sun raina ƙaton, sun yi lissafin dibishin 200 ga shi sun ƙirga 360, in aka farfasa goma sha biyu sai Rasha ta kawo wasu goma sha biyun. Abin da leƙen asirinsu bai gani ba shi ne mutanen da suka taɓa yin horon soja suna zaune a gida, sama da miliyan 5 aka kira kafin ƙarshen Yuni kaɗai. Zuwa ƙarshen 1941 Jamus ta kama fursunoni sama da miliyan 3, amma ita ma ta yi asarar sama da mutum 800,000 tsakanin matattu da masu rauni da ɓatattu, sojojinta suna bakin Mosko babu kayan sanyi saboda jiragen ƙasan ba su isa su ɗauko mai da harsashi da riguna a lokaci guda ba, ranar 5 ga Disamba kuma Rasha ta fara mayar da martani.